Allon Baba Tunau

Kwanaki na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wai koyarwa aikin zaune ne, in ka sami inuwa da bakin magana shi ke nan ka zama malam. Ban tanka masa ba, don bakina da goro a lokacin. Amma na ga yadda ya karya alli gida biyu, ya shure guntun da ƙafa. Ku an ba ku komai a shirye, abin rubutu a kwali, allo a jikin bango, shi ya sa kuke yi wa rogo kallon kitse. To ku matso, yau bakina ba goro.

Aikin farko da aka ba ni a gidan malamina, Malam Haido na Tsafe, ba karatu ba ne, niƙan tawada ne. Za ka sami zuge, wato itacen aduwa da aka ƙona ya yi tauri, ka ɗiga ruwa a kan dutse ka yi ta gurza shi har hannunka ya mutu. Sannan ka jiƙa ƙaro ka zuba, ka tace da tsumma, ka ɗura a kurtu. Ƙaron nan shi ne komai. In ya yi kaɗan, rubutu ya bushe ya kakkaɓe. In ya yi yawa, ya liƙe bakin alƙalami, yaro ya yi ta dangwale yana kuka. Malam Haido ba ya duba tawada da ido, yatsa yake tsomawa ya ɗanɗana, in ya yamutsa fuska ka san za ka koma kan dutse. Na daɗe a kan dutsen nan kafin fuskarsa ta daina yamutsewa.

Daga nan sai fiƙar alƙalami. Gamba ake yankowa da kaka, in ta ƙosa, a shanya ta a inuwa don kada ta tsattsage. Kuma ba baki ɗaya ake yi wa kowa ba. Yaro mai nauyin hannu ka feƙe masa mai faɗi, mai rawar hannu ka rage tsagar don kada tawada ta kwararo masa. Sai ka san hannun kowane yaro kafin ka san sunan ubansa. Kullum da safe ƙanana za su jero allunansu, wankakku, an shafe su da farar ƙasa sun bushe, kai kuma ka bi ɗaya bayan ɗaya kana rubuta wa kowa inda ya tsaya jiya, wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, kunnenka kuwa yana kan manyan da ke ta karatu, don in wani ya karkace ka ɗaga murya ka miƙe shi ba tare da ka ɗaga kai ba. Wannan ne aikin zaunen naku.

Malam Haido yana da wata dabara ta koyar da rubutu da ban gan ta wurin kowa ba. In yaro ya isa kama alƙalami, ba ya ce masa kwafa. Sai ya ɗauki busasshen alƙalami, ba tawada, ya zana baƙaƙen a kan farar ƙasar allon, su fito kamar sawun tururuwa a rairayi. Yaro ya tsoma nasa a kurtu ya bi. Muna kiran wannan bin sawu. Yau sawun ya fito sosai, gobe a rage dannawa, jibi a ƙara ragewa, har ran da yaro zai rubuta a wurin da babu sawun komai bai ma lura ba. Da wannan dabara na ci abinci duk rayuwata.

Turawa ba su daɗe da zuwa ba wani mai tunga da ake kira Nomau ya aiko wa Malam Haido cewa yana son malami. Tungarsa tana can bayan Bungudu, ta wajen Rawayya, gidaje kaɗan na manoma da rugar Fulani a gefe. Malam ya dube ni ya ce in haɗa gafakata. Matata ta rasu ba da jimawa ba, ba ni da abin da zai riƙe ni a Tsafe, sai na naɗe buzuna na bi ɗan aike.

Sun karɓe ni hannu biyu. Suka gina mini zaure da ɗaki, suka kawo yara maza da mata, kowa daga gidan ubansa yake zuwa ya koma. Amma manomi da malami ba sa taɓa shan inuwa ɗaya a kan yaro. Ka yi rani guda kana ɗora shi, ruwan farko ya sauka a zo a ce ka ba da aronsa ya riƙe iri, ba za ka ƙara ganinsa ba sai an ɗaure dawa, ya dawo ya manta baƙaƙe irin su ba-guje da ha-kuri kamar bai taɓa jin sunansu ba. 'Ya'yan ruga kuwa ka kwana da su ka tashi ka tarar da turaku kawai. Wani uba ya taɓa zuwa, ɗansa bai gama babbaƙu ba, wai ko yaron ya isa ya rubuta wa akuyarsu laya, don tana yawan ɓari. Na ce masa ya jira tukuna, akuyar ma ta yi haƙuri.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ba a faɗa muku shi ne, girmamawa katanga ce. Malami ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya zaman dandali, ba ya dara. In na doso gindin tsamiya inda maza ke hira, sai maganar ta mutu, kowa ya gyara hula, a rusuna a ce Allah gafarta malam. In na wuce sai in ji dariyar ta dawo a bayana. Da yamma a kawo akushi daga gidan Nomau a ajiye a bakin zaure, wanda ya kawo ya juya kafin in ce na gode. Na yi shekaru ina cin tuwo ni kaɗai, ina jin muryoyin mutane ta bayan danga. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, kuma ba wanda zan gaya wa, don duk tungar ni ake kawo wa kuka.

Mutum ɗaya ne bai san wannan ladabi ba, ko kuma ya sani ya ƙi. Sunansa Tunau, wani dogon tsoho mai tsagen Barebari a fuska. Tun yana ƙarami aka kamo shi daga gabas, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗo gonar uban Nomau. Da aka ce ba sauran bauta, 'yan'uwansa bayi suka watse, shi ya ce ina za shi, bai san ko sunan garinsu ba. Nomau ya yankar masa gona a bakin rafi, ya yi bukka ya zauna, ba mata ba ɗa. To ni Bafillace ne, na gida ba na daji ba, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Ran da ya fara ganina, a gaban jama'a, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai, ashe bawana anka kawo mani! Bahillace, ina nonona?"

Mutane suka yi tsuru-tsuru. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce, "Tun yaushe bawa ka tambayar ubangijinai nono?"

Sai da maganar ta fita na tuna ko wane ne nake gaya wa. Tunau ya dube ni, sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna ni da sanda yana cewa wanga Bahillace ya iya. Tun daga ranar, duk lokacin da ya wuce ta ƙofar zaurena sai ya tsaya ya zage ni in rama. Ba na ɓoye muku, nakan kasa kunne in ji ƙarar sandarsa.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, ya bushe a tsaye. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun zama wofi, mata suna tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da ke ciki, ana dafa tafasa ba gishiri. Fulani suka fara tashi, sannan manoma suka bi, gida-gida, suka nufi kudu wajen ƙasar Gwari. Kowane yaro kafin su tafi sai ya kawo allonsa ya ce in ajiye masa. Na ɗaure su da igiya na rataye a rufin zaure saboda gara. Akushin gidan Nomau ya koma ɗan ƙoƙo, ƙoƙon ma ya koma yau akwai gobe babu. Amma kullum da safe sai in share zaure in shimfiɗa buzu in zauna, don jikina bai san wani abin yi ba. In iska ta shigo, allunan su riƙa bugun juna a bisa kaina.

Wata safiya ina zaune haka sai na ji sanda. Tunau ya shigo, abin da bai taɓa yi ba, da wani katako a hammata. Allo ne ya sassaƙa da kansa da gizago, mai kauri kamar ƙyauren rumbu. Ya zauna a ƙasa inda ƙanana ke zama, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Bahillace, tunda ɗiyan mutane sun gudu sun bar ka, ga ni. Ka sa ni."

Na ce, "Baba Tunau, ai ka iya karatun salla. Mi kaka nema kuma?"

"Na salla da kunne nis same shi, bayan danga, ana koya ma ɗiyan gida ni ko ina yanka ma doki haki. Rubutu nika so. In sa baƙi da hannuna, wani ya duba ya gane abin da nis sa. Shi ke nan, ba ni son komi bayan wanga."

A raina na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A baki kuwa na ce gemu ba ya hana ilimi. Ya shafa haɓarsa ya ce gemun ma yunwa ta cinye rabi, in yi sauri kafin ta gama da sauran.

Ban taɓa koyar da hannu irin nasa ba. Shekara da shekaru a kan ƙotar fartanya sun sandarar da yatsun, ba sa haɗuwa su riƙe abu siriri. Ranar farko ya karya duk alƙaluman da na feƙe. Na bar gamba na zaro karan dawa daga danga, mai kaurin babban yatsa, na feƙe masa baki mai faɗi. Muka fara a ƙasa, na baje rairayi a ƙofar zaure yana ja da yatsa, sai da hannun ya san hanya muka hau allo da bin sawu. Yana rubutu yana nishi, harshe a waje, gumi yana ɗiga daga hanci, in ya gama baƙi ɗaya ya ɗago ya ce wanga ya hi huɗar gona wuya. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne wanki. In ya biya daidai na ce je ka wanke, sai ya harare ni.

"Wagga wace irin sana'a ta? Ka yini kana shuka, da sahe ka tone?"

Na ce haka ake yi, sai an wanke ake ƙari. Ya tafi yana gunaguni, wai daman Hillani ba su san zafin noma ba.

Ana cikin haka ƙaro ya ƙare. Ku ba ku sani ba, a shekarar yunwa ƙaro abinci ne, mutane sun bi itatuwa sun ɓamɓare shi tas, wanda na tara ma ni na tsotse rabinsa. Muka gwada tawada ba ƙaro, Tunau ya yini a kan saɗara guda, ta bushe, ya hura ta tashi. Ya ajiye karan ya tafi. Kwana biyu ban gan shi ba, sai ga shi da wani dunƙulen ƙaro ɗaure a gefen riga, ya kwance ya ajiye a kan buzuna. Daga can cikin dajin da ke bayan rafi ya samo. Na dubi leɓensa duk sun tsage.

"Baba Tunau, ka ci abinka."

"In nic ci, gobe da mi za mu rubutu? Yunwa dai ko nic ci tana komowa da la'asar."

Na jiƙa shi, na koma kan dutse kamar ina gidan Malam Haido. Ban taɓa auna ƙaro da tsoro irin na ranar ba.

A cikin wannan hali ne wani falke mai jakai da ake kira Ɗan Ige, wanda ke bi ta tungar in za shi Gusau, ya kawo mini magana. Wai akwai wani mai fataucin goro a can yana neman malamin da zai koyar da yaran gidansa, ga ɗaki, ga tuwo safe da dare. Ya ce in shirya, in ya dawo mu wuce. Da ya dawo na ce sai wani zuwan. Wani zuwan ma na ce haka. Ɗan Ige ya dubi wuyana da ya zama kamar na zalɓe, ya girgiza kai ya kora jakansa. Ban gaya wa Tunau ba. Kada ku ɗauka waliyyi ne ni. Ina son tuwon nan kamar in yi kuka. Amma ban iya barin hannu a tsakiyar hanya ba, kuma a duk duniya tsohon nan kaɗai ke shigowa zaurena ya zage ni.

Sai na fara lura da wani abu. Allon yana ta matsowa kusa da hancin Tunau. Ya bar cikin zaure ya koma bakin ƙofa, daga nan ya koma tsakiyar rana. Rannan ya kai alƙalami zai tsoma, ya soki ƙasa a gefen kurtu. Na duba idanunsa da kyau, na ga wata farar yana ta fara rufe su, na dama ya fi na hagu. Ya san na gani, na san ya sani, ba wanda ya ɗaga maganar. Maimakon in riƙa rage sawu kamar yadda aka koya mini, sai na koma dannawa, ina ƙara wa baƙaƙen girma. Lissafin a fili yake: ko dai ya rubuta da kansa kafin idon ya rufe, ko kuwa ba zai taɓa rubutawa ba.

Shi ya fara gajiya da dabarata. Wata safiya na ɗauki busasshen alƙalami zan zana masa, sai ya dafe allon da tafin hannu.

"Yau ba ni bin sawunka. Tun ina yaro sawun wani nika bi."

Na ce bai isa ba tukuna, ya ƙara ko wata guda. Ya ce watan da za ya ƙara, ni zan ba shi aron ido? Ya ɗauki allon da kurtu da karan dawarsa ya tafi bukkarsa. Kwanaki bai leƙo ba. Na riƙa fita ina hangen bakin rafi, in gan shi zaune a rana ya dunƙule a kan katakon nan, in koma in zauna. Ban taɓa jin zaure ya yi mini faɗi kamar kwanakin nan ba.

Ran da ya dawo, allon yana naɗe cikin tsumma. Na miƙa hannu, ya janye.

"A'a. Kai ka san surorin da ni iya, kuma tausaina kaka ji. Ko kaza tat taka shi cewa za ka yi ya yi."

"To mu tai Bungudu, akwai malamai."

"Abokanka na, kunyarka za su ji. Gusau za mu, inda ba a san ni ba, ba a san ka ba. In miƙa ma wani allon, ban ce mai komi ba. In yak kama wadda nis sa, to rubutu na. In bai kama ba, in san gona kaɗai Allah yab ba ni."

Na yi masa faɗa, na ce tafiyar yini ce, shi ba ƙarfi ba ido. Ya ce Ɗan Ige na nan tafe, ya riga ya yi magana da shi. Ya ƙara da cewa in ɗauko buzuna da gafakata, kada dare ya yi mana a can in rasa abin shimfiɗa in ba Barebari kunya.

Muka bi jakan Ɗan Ige tun da sanyin safiya. Tunau ya riƙe igiyar kayan jaki na ƙarshe da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da allo. Muka wuce tungaye da ba kowa sai kangaye, muka ƙetare gulbi a busasshe. Shi yana ta tsokanata, ni kuwa tsoro nake ji. Ban ga abin da ke cikin tsumman nan ba. In shirme ne, ba shi kaɗai za a kayar ba, har da ni da Malam Haido da dutsen niƙansa. Mafi muni, ba sauran lokacin gyara.

A gefen kasuwar Gusau muka sami wani malami a ƙarƙashin rumfa, yana kwafar littafi, ga 'yan takardu a gabansa na sayarwa. Mutum ne mai ɗaurarriyar fuska, irin wanda ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Tunau ya ce wanga ya yi. Ya ce in tsaya can baya in kama bakina, sannan ya lallaɓa ya tsuguna, ya yi sallama, ya kwance tsumma.

Ta bisa kafaɗarsa na fara ganin allon. Baƙaƙen manya-manya, saɗarorin sun gangara ƙasa, ta ƙarshe kuwa ta hau kan wadda ke bisanta. Malamin ya karɓa, ya ji nauyin katakon, ya juya shi, ya yamutsa fuska.

"Wane ja'irin yaro yay yi wagga aika-aika?"

Tunau ya ce, "Wani yaro na, can ƙauyenmu. Allah gafarta malam, mi yar rubuta?"

Malamin ya yi tsaki. Ya nisanta allon, ya matso da shi, ya ɗora yatsa a saɗarar farko. Sai ya fara karantawa, da ƙyar da farko, kamar mai tafiya a cikin ƙaya, sannan ya miƙe. Tunau bai gaya mini surar da ya zaɓa ba, amma ban buƙaci in tambaye shi ko ita ce ba, don na ga bayan tsohon ya miƙe tsaye, leɓensa suna bin muryar. Da aka zo inda saɗara ta hau saɗara malamin ya tsaya, ya karkata allon wajen haske, ya bi da farce, ya raba su, ya kai ƙarshe.

Tunau ya ce, "Sake."

"Kai tsoho, aiki gare ni."

"Don Allah, don iyayenka, sake."

Ya sake, da sauri, yana hararar sa. Ya miƙa masa allon ya ce, "Rubutu dai ya karantu. Amma hannun ya yi muni ƙwarai. A hwaɗa ma malaminai ya rage sanyin hannu, ya sa mai bulala."

"Za ni hwaɗa mai," in ji Tunau. "Daman rago na, Bahillace na."

Ya miƙe yana dariya ƙasa-ƙasa, yana naɗe allonsa kamar mai naɗe jinjiri. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini a tsakiyar kasuwa, da rawanina da komai. Na yaye yara da yawa bayan wannan, wasu sun sauke, wasu yanzu su ake kai wa yara, amma ba wanda ya faranta mini rai kamar yadda wannan mugun hannu ya yi.

Muka kwana a masaukin fatake. Da safe Ɗan Ige ya ɗaure kaya za su koma, na naɗe buzuna na saɓa gafaka. Tunau ya laluba ya kamo hannun rigata.

"Ina za ka?"

"Gida mana."

"Ɗan Ige ya hwaɗa mani komi tun zuwanai na hwarko. Ka zamna cikin kango kana cin tahwasa sabadda ni. To na sallame ka. Ga gidan mai goro can, za a gwada maka."

Raina ya ɓaci, na ce, "Tun yaushe ɗalibi ka sallamar malami?"

"Ubangiji ka sallamar bawa. An yi mani, na san yadda aka yi."

"Baba Tunau, akwai sauran surori."

"Da wane ido? Saɗarar ƙarshen nan ban gan ta ba, hannu yay yi abinai."

Na ce to ya zauna tare da ni, tuwon mutum ɗaya ya ishi biyu, zan roƙi mai goro. Ya ce shuka ta kusa, gonarsa kuwa ba ta san hanyar Gusau ba. Na ƙara magana, ya ce in bar cika shi da surutu kamar 'yar tallan nono. Ya saki rigata, ya lalubi igiyar jaki ya riƙe, ya gyara allon a hammata. Ɗan Ige ya yi mini sallama ya kaɗa jakai.

Na tsaya a bakin hanya da buzu a kafaɗa, ina jiran ya jefo mini wata baƙar maganar ta ƙarshe in rama. Bai jefo ba. Na bi bayansa da kallo, dogon nan, yana taka ƙasa a hankali a bayan jaki, har suka sha kwana wajen marina. Bai waiwayo ba, kuma ko da ya waiwayo, ba ganina zai yi ba.